Yadda ake sifanakofita, gashin alayyahu da cuku na mutanen Girka

A birnin Atina da wuya ki shiga gidan burodi da safe ki rasa tiren sifanakofita a bayan gilashi, an yayyanka shi murabba'i-murabba'i, ma'aikata da 'yan makaranta suna saye a takarda suna ci a hanya. Sunan kalmomi biyu ne aka haɗa: "sifanaki", wato alayyahun Turawa, da "pita", abin da aka rufe da fallen fulawa aka gasa. Babu nama a cikinsa ko kaɗan, kuma ba cire naman aka yi don wani ba, haka asalinsa yake. Shi ya sa ya dace da wanda ba ya cin nama: ba a rage masa komai ba. Yankin Ifiros, mai duwatsu a arewa maso yammacin ƙasar, shi ya fi suna a irin wannan gashi, domin makiyaya ne masu tumaki da awaki, cuku da ganyen daji da fulawa kuwa su ne abin da ke hannunsu.

Uwargida, abu ɗaya nake so ki riƙe tun kafin ki kunna wuta: ruwa ne ke ɓata wannan girki. Ganyen alayyahu fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Idan kika bar ruwan nan a ciki, cikin oben zai fito, ya jiƙa fallen ƙasa, ki ciro tire samansa ya yi ja gwanin sha'awa amma ƙasansa ya yi laɓo-laɓo. Haka ya faru da ni a karon farko, kuma na ji zafin asarar cukun da na saya da tsada. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa dabarun raba ganyen da ruwansa ne.

Abin da za ki tanada

Wannan awon na tire mai tsawon santimita 33 da faɗin 23 ne, zai ciyar da mutum shida zuwa takwas. Alayyahu ɗanye kilo 1. Cukun feta, wato farin cukun Girka, giram 350. Ƙwai 3. Albasa babba 1, da lawashin albasa mai ƙananan kawuna kamar guda 8. Ganyen dil cikin hannu ɗaya mai kyau, ganyen faski rabin haka, na'ana'a kaɗan idan kina so. Man zaitun kofi ɗaya, wato kamar mililita 200. Masoro rabin ƙaramin cokali, gyaɗar ƙamshi ɗan kankare, gishiri. Garin semolina ko ɗanyar shinkafa babban cokali 2. Sai fallen fulawa ƙunshi ɗaya mai giram 450, ko kuma ki murza naki, zan zo kan wannan.

Ganyen dil shi ne ƙamshin da ke sa wanda ya san abincin ya gane shi tun daga ƙofa. Siriri ne kamar gashin tsuntsu, ana samunsa a manyan kantuna da wajen masu sayar da kayan lambun Turawa. In ba ki samu ɗanye ba, busasshe babban cokali 1 zai wadatar. In shi ma babu, ki ƙara faski da na'ana'a, abin zai yi daɗi, sai dai ƙamshin ya bambanta.

Zancen ganye

Alayyahun da Girkawa ke sawa shi ne wanda Larabawa ke kira sabanik, mai laushin ganye, asalinsa daga ƙasar Farisa. Ba iri ɗaya ba ne da alayyahunmu na miyar taushe. To amma namu yana yi sarai, kuma ba baƙo ba ne a wurinsu: suna da danginsa da suke kira "bilita", suna dafa shi lokacin zafi su zuba masa man zaitun da lemon tsami. Suna ma da wani gashin na ganyaye gauraye da ake kira "hortofita". Don haka idan alayyahun kasuwa kika samu, ki zaɓi ɗanye sharaf wanda bai yi fure ba, ki tsinke ganyen zalla ki bar karan, domin karansa na da zare. Ki sayi wanda zai kai kilo 1 bayan tsinkewa.

Ki wanke ganyen a babbar roba, ki canza ruwa sau uku ko fiye, kina tsamo ganyen daga ruwan maimakon ki tsiyaye ruwan daga kansa, don yashin ya zauna a ƙasa. Ki baza a kwando ya tsane, sannan ki yanka shi, ba ƙanana sosai ba.

Hanya biyu ake bi a fitar da ruwan. Ta farko ita ce ta matan karkarar Girka: a barbaɗa gishiri ƙaramin cokali 1 a kan yankakken ganyen, a murza da hannu kamar ana cuɗa wanki, a bar shi minti 15 zuwa 20. Za ki ga tulin ya faɗa, koren ruwa ya taru a ƙasa. Sai ki riƙa ɗiba dunƙule-dunƙule kina matsewa da tafin hannu biyu iya ƙarfinki. Wannan hanya ta fi barin ɗanɗanon ganyen da korensa, kuma ita na fi so idan sabanik ne. Ta biyu ita ce a zuba ganyen a busasshiyar tukunya mai zafi kaɗan-kaɗan, a juya minti 2 zuwa 3 har ya yi laushi, a juye a kwando ya huce, a matse. Alayyahunmu ya fi son wannan ta biyun saboda ganyensa ya fi tauri.

Ko wacce kika bi, ki ƙarasa da tsumma mai tsabta: ki zuba ganyen a ciki, ki murɗe kamar mai tatar ƙullun koko, har sai ɗigo ya tsaya. Kilo guda zai koma ɗan dunƙule da bai fi cikin hannu biyu ba. Kada wannan ya tayar miki da hankali, daidai ke nan. Mai amfani da daskararren alayyahu na firiza kuwa, giram 600 ya isa, a bar shi ya narke gaba ɗaya a matse shi haka nan.

Zancen cuku

Feta farin cuku ne mai gishiri da ɗan tsami, yana marmashewa a hannu. Da nonon tumaki ake yinsa, ko a gauraya da na awaki wanda bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma sai ya yi aƙalla wata biyu yana nuna, a cikin ruwan gishiri ake ajiye shi. Tun shekarar 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wanda aka yi a wasu yankunan Girka kawai. Abin da za ki fi gani a kanti da sunan "farin cuku" na nonon shanu ne, ya fi araha, kuma yana yin aikin.

Akwai abin da mai dafa wa wanda ba ya cin nama ya kamata ta sani. Yawancin cukun gargajiya da wani sinadari ake daskarar da nononsa, wanda ake samowa daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan rago ko ɗan akuya. Wasu masu ƙaurace wa nama ba su damu da wannan ba, wasu kuwa ba sa ci. Ki tambayi baƙonki, sannan ki duba jikin ƙunshin, masu yin sa da sinadarin da ba na dabba ba sukan rubuta. A nan wara ta Fulani ta yi fice, domin da ruwan tumfafiya ake daskarar da ita. Sai dai ba ta da gishiri ba ta da tsami, don haka idan ita za ki sa, ki marmashe giram 350, ki zuba gishiri ƙaramin cokali 1, ruwan lemon tsami babban cokali 1 da kindirmo mai kauri babban cokali 3, ki rufe ki sa a firji awa ɗaya. Ba feta ba ce, amma ta kusa. Busasshen cukun nan mai tauri kuwa bai dace da nan ba.

In duka babu, ki yi naki: madara mai maiƙo lita 2, ki ɗora har ta fara tafasa, ki kashe wuta, ki zuba ruwan lemon tsami babban cokali 5, ki bar ta minti 10 ta tsinke, ki tace a tsumma, ki ɗora mata abu mai nauyi awa ɗaya. Sai ki gyara ta da gishiri da kindirmo kamar warar.

Fallen fulawa

Girkawa na kiransa "filo", ma'anarsa ganye, saboda sirantarsa. Na kanti a daskare yake zuwa, siriri kamar takarda. Ki sauko da shi daga firiza zuwa firji tun daren jiya, sannan ki fito da shi awa ɗaya kafin aiki, yana cikin ledarsa. In kika buɗe shi da sanyinsa zai kakkarye, in kika gaggauta narkar da shi zai manne. Da zarar kin buɗe, ki rufe shi da tsumma mai ɗan danshi, domin iska na busar da shi cikin mintuna kaɗan, balle lokacin hunturu.

Na gida kuma, wanda suke kira fallen ƙauye, ya fi kauri, ya fi ƙoshi, kuma a ganina ya fi daɗi washegari. Fulawa giram 500, gishiri ƙaramin cokali 1, man zaitun babban cokali 4, khal babban cokali 2, ruwan ɗumi kamar mililita 250. Ki kwaɓa, ki bugu kwaɓin minti 10 har ya yi santsi ya daina kama hannu. Ki raba shi gida 6, ki mulmula, ki shafa musu mai, ki rufe su huta awa ɗaya. Hutun nan ba a tsallake shi, shi ke sa kwaɓin ya miƙe ba tare da ya riƙa komawa ba. Khal ɗin kuma yana taimaka wa fallen ya yi ƙaras-ƙaras. Wajen murzawa ki barbaɗa garin sitacin masara a kan tebur, ki yi amfani da siririyar sanda doguwa, kina naɗe fallen a jikinta kina mirginawa kina buɗewa, har ya fi tiren faɗi kaɗan kuma kina iya hango inuwar hannunki ta bayansa. Wadda ta saba murza fallen samosa ba za ta sha wuya ba.

Haɗa cikin

Ki yanka albasa ƙanana, lawashin kuma sirara har da fararen kawunan. Ki zuba man zaitun babban cokali 3 a kasko, ki soya albasar a wuta madaidaiciya minti 5 zuwa 6, ta yi laushi amma kada ta yi ja. Ki zuba lawashin, minti 2 ya isa. Ki sauke ki bar shi ya huce sosai. In kika fasa ƙwai a kan abu mai zafi zai fara dahuwa tun a kwano.

A babban kwano ki warware matsattsen ganyen da yatsu, ki zuba albasar, yankakken dil da faski da na'ana'a, masoro da gyaɗar ƙamshi. Ki marmashe cukun da hannu, ki bar wasu gutsattsarin kamar girman gyaɗa, domin daɗin abin shi ne a ci karo da su a baki. Yanzu ki ɗanɗana, kafin ƙwai ya shiga. Feta na da gishiri sosai, kuma in kin murza ganyen da gishiri mai yiwuwa ba ya bukatar ƙari. Sai ki kaɗa ƙwai 3 ki zuba, ki ƙara man zaitun babban cokali 2, da semolina ko shinkafar. Aikin semolina ko shinkafar shi ne shanye ɗan ruwan da ya rage lokacin gashi; a Girka wasu kan sa tarahana, wani busasshen haɗin alkama da nono, don wannan dalilin. Ki juya da hannu. Haɗin ya kamata ya riƙe jikinsa, in kika ture shi gefe ɗaya kada ki ga ruwa na gangarowa a ƙasan kwanon. In kin gani, ki ƙara semolina cokali ɗaya.

Kada ki bar haɗin ya daɗe a zaune, gishiri zai ci gaba da jawo ruwa. Ki haɗa shi sai kin shirya shimfiɗawa.

Shimfiɗawa

Ki kunna oben a ma'aunin zafi 180°C ya fara ɗaukar zafi. Ki shafe tiren da mai, ƙasa da gefuna. Ki raba fallayen kanti gida biyu, na ƙasa su ɗan fi yawa. Ki ɗauki ɗaya ki shimfiɗa, gefensa ya zarce bakin tiren, ki tsoma buroshi a man zaitun ki yayyafa sannan ki shafa a hankali. Ki ɗora na biyu, ki shafa. Haka za ki yi ta yi, kowane falle da mansa, kina ɗan karkata su don gefuna huɗun duka su samu abin naɗewa.

A nan ne mata da yawa kan ji tsoron mai su rage, kuma kuskure ne. Man da ke tsakanin falle da falle shi ke raba su, ya soya kowanne a wurinsa. Fallen da bai samu mai ba manne wa ɗan'uwansa yake yi ya zama kamar kwali. Ba a ce ki yi ambaliya ba, amma kowane falle ya yi sheƙi. In wani ya yage, ki haɗa bakinsa ki ci gaba, babu wanda zai gani. Kuma kada ki danne su, iskar da ke tsakani tana da amfani.

Ki juye haɗin, ki baje shi ko'ina daidai, kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu. Ki naɗo gefunan da suka zarce su rufo kansa, ki shafa musu mai. Sai ki jera sauran fallayen a sama kamar yadda kika yi a ƙasa, ki cusa gefunansu cikin tiren da bakin buroshi. Na ƙarshe ki zaɓi wanda bai yage ba, ki shafe shi da kyau har kusurwoyi. In fallen gida ne, 3 a ƙasa 3 a sama, kuma ki murɗe bakin na sama da na ƙasa tare su yi kamar igiya a kewayen tiren. Wannan murɗaɗɗen baki yara kan yi rububinsa.

Kafin ya shiga wuta, ki ɗauki wuƙa mai kaifi ki tsaga fallayen sama kawai, gida 12 ko 15, kada wuƙar ta kai ƙasa. Tsagar na barin tururi ya fita, sannan in ya gasu za ki yanka ba tare da saman ya farfashe ba. Ki jiƙa hannunki ki yayyafa ɗan ruwa a sama don kada fallen ya nannaɗe. Mai so za ta iya barbaɗa riɗi.

Gashi

Ki sa tiren a layin ƙasa-ƙasa na oben, ba can sama ba, domin ƙasan ne ke bukatar wuta. Fallen kanti na ɗaukar minti 45 zuwa 55, na gida awa ɗaya ko ya ɗan wuce. Kada ki yi ta buɗe ƙofa a rabin awa na farko. Idan saman ya yi ja tun lokaci bai yi ba, ki ɗora masa takardar gashi sama-sama ki ci gaba. Launin da ake nema ja ne mai duhu-duhu kamar na soyayyen ƙosai, ba fari-fari ba. Alamar da ta fi tabbata ita ce ki girgiza tiren: in gashin ya motsa gaba ɗayansa ya saki ƙasa, ya yi. Ki ɗaga kusurwa ɗaya da wuƙa ki leƙa, in ƙasan bai yi ja ba ki mayar minti 10.

Wadda ba ta da oben ba ta rasa ba. A ƙauyukan duwatsun Girka da wani murfin ƙarfe mai kama da ƙwarya ake gasawa, sunansa "gastira": a kifa shi a kan tiren, a tula masa garwashi da toka mai zafi. Dabarar da muka sani ce ta wuta sama wuta ƙasa. Ki samu babbar tukunya, ki zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu a ƙasa, ki bar ta ta yi zafi minti 15, ki ɗora tire zagayayye a ciki, ki rufe da murfin ƙarfe ki zuba garwashi a kai. Wutar ƙasa ta zama kaɗan, ta sama ta fi yawa, kuma ki riƙa juya tiren duk bayan minti 15 don kada gefe ɗaya ya ƙone.

In kin sauke, ki bar shi minti 20 zuwa 30 a buɗe. Kada ki rufe shi da murfi ko leda, tururin zai kashe ƙaras-ƙaras ɗin da kika sha wahala a kai. A wannan hutun ne ƙwai da cukun ke kama jiki, sai ki bi tsagar nan ki yanka har ƙasa. Da ɗumi-ɗumi ake cinsa ko bayan ya huce gaba ɗaya, ɗanɗanon dil da cukun ma ya fi fitowa a lokacin. Yana tafiya da kindirmo mai kauri, ko haɗin tumatir da kokwamba da albasa da man zaitun, ko shayi kawai.

Na masu azumi, da na ajiya

Kiristocin Otodoks na Girka suna da babban azumi kafin bikin Ista, wanda a cikinsa suke barin nama da nono da ƙwai. A wannan lokaci sifanakofita ba ta da cuku ba ta da ƙwai. In baƙonki irin wanda ba ya taɓa duk abin da ya fito daga dabba ne, wannan za ki yi masa: ki ninka lawashi da dil, ki mayar da semolina cokali 4, ki ƙara gishiri da ɗan ruwan lemon tsami don su maye tsamin cukun. Sauran aikin duk ɗaya ne.

Don walima kuma ana yanka fallen dogo-dogo, faɗin yatsu huɗu, a shafa mai, a sa cokali ɗaya na haɗin a baki, a naɗe shi kusurwa uku kamar samosa. Waɗannan minti 20 zuwa 25 suke gasuwa.

Abin da ya rage yana kwana uku a firji. Wajen ɗumamawa ki mayar da shi oben minti 10, ko ki ɗora a busasshen kasko a wuta kaɗan. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki laushi take sa shi. In kuma kina son ki ajiye na wata ɗaya ko biyu, ki haɗa tiren gaba ɗaya, ki tsaga saman, ki naɗe da leda ki sa a firiza ɗanyensa. Ranar bukata kada ki narkar da shi, daga firiza ki wuce da shi oben kai tsaye, ki ƙara minti 15 a kan lokacin gashin.